Zaɓen Jami'a Mai Sauƙin Kuɗi Idan Za Ka Sauya Makaranta

Kada kuɗin da jami'a ta wallafa ya ruɗe ka. Abin da ke cinye aljihu shi ne kwasa-kwasan da ka riga ka yi waɗanda za ta ƙi karɓa. A Amurka digirin farko yawanci kiredit (ma'aunin nauyin kwasa-kwasai) 120 ne; ka zo da 60 aka karɓi 45, zango guda ya ƙaru ke nan, har da kuɗin ɗaki.

Kafin ka biya kuɗin fom, tura wa ofishin rajista sakamakonka da bayanin kowane kwas, su rubuto maka waɗanda za su shiga fanninka. Fara da jami'o'in gwamnatin jiharka, musamman masu yarjejeniyar karɓar kwasa-kwasai da makarantar da kake yanzu. Ka kuma tambayi tallafin masu sauyi, domin sau da yawa bai kai na sababbin ɗalibai ba.