Yadda Ake Kai Ƙarar Nuna Wariya Gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa

Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Wata doka ta 2018 ta ƙara da masu buƙata ta musamman: kamfanin da ya nuna musu wariya zai biya tarar naira miliyan ɗaya, mutum ɗaya kuwa naira 100,000 ko ɗaurin wata shida.

1. Rubuta abin da ya faru tun bai yi sanyi ba: rana, wuri, wanda ya yi, da ainihin kalmomin da ya furta. Ka sani cewa "an wulaƙanta ni" kaɗai ba ta isa hujja ba. Sai ka nuna cewa wani mai cancanta irin taka ya samu abin da aka hana ka.

2. Tara takardar kora ko ta ƙin ɗauka aiki, saƙonnin waya, da sunayen shaidu. Miƙa kwafi, ka riƙe na asali.

3. Kai ƙorafin ofishin hukumar na jiharka. Ba a biyan ko kwabo.

4. Hukumar za ta nemi wanda kake ƙara ya ba da amsa, ta gwada sulhu, in ya ci tura ta zauna sauraro. Gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon kiran shaidu da ba da umarnin biyan diyya.

Idan maganar tana gaban kotu, hukumar ba za ta karɓa ba.