Yadda Ake Gane Dabbar da Ake Nufi Idan An Taƙaita Sunanta na Kimiyya

Sunan kimiyya kalma biyu ne: ta farko ta jinsi, ta biyu ta nau'i. Marubuta kan rage ta farko zuwa harafi ɗaya, a nan rikicin yake. Ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna ta hana nau'i biyu su ɗauki suna ɗaya a cikin jinsi guda, amma ba ta hana maimaita shi a wani jinsin ba.

Ɗauki C. elegans. Yawanci Caenorhabditis elegans ake nufi, tsutsar nan mai tsawon kusan milimita 1 da ake binciken ƙwayoyin gado da ita. Amma Conus elegans dodon koɗin teku ne, Cyprinodon elegans ɗan kifi ne na maɓuɓɓugan Texas a Amurka, Ctenochasma elegans kuwa dabba ce mai rarrafe mai fukafukai da ta shuɗe tun zamanin dinaso, ƙasusuwanta kawai aka tono cikin duwatsun Jamus. Duka huɗun C. elegans ne.

Da farko koma inda aka fara ambaton sunan, domin a nan ake rubuta shi cikakke. Idan guntun rubutu ne ya zo hannunka, dubi abin da ke kewaye da sunan: maganar ɓawo da zurfin teku daban, maganar shimfiɗar dutse da shekaru miliyoyi daban.

Sai abin da mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ke yanke gardama: sunan wanda ya fara bayyana dabbar da shekarar. Tsutsar tana ɗauke da Maupas, 1900. Kifin Baird da Girard, 1853. Mai fukafukan Wagner, 1861. In ka ga sunan da shekarar cikin baka biyu, an sauya wa dabbar jinsi ke nan. Wagner ya sa tasa a jinsin Pterodactylus, don haka a tsofaffin takardu ba za ka same ta ƙarƙashin C ba sam.

Da cikakken suna za ka shiga rumbun bayanai: WoRMS don halittun teku, Paleobiology Database don waɗanda aka tono, Catalogue of Life ko GBIF don sauran. Kada ka nema da taƙaitacce, domin sunan da ya fi shahara injin bincike zai miƙo maka.

In kai ke rubutu, cika sunan a karon farko da kuma ƙarƙashin kowane hoto ko jadawali, tunda su ake yawan cirewa a yaɗa. Idan jinsi biyu suka fara da harafi ɗaya, ƙara haruffa, kamar yadda masu nazarin sauro ke rubuta An. gambiae (Anopheles) da Ae. aegypti (Aedes).

Abin ya fi muhimmanci a takardar gwajin bayan gida, inda E. coli kan iya zama Escherichia coli, baktiriyar da wasu ire-irenta ke sa gudawa, ko Entamoeba coli, amiba marar cutarwa. A tambayi ɗakin gwaji wanne suka gani kafin a rubuta magani.