Yadda za ka zauna lafiya a fada in ekip ɗinka ta masu kuɗi ce

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Dole wajen 'yan bosho ya san hular nan hana-salla mai N da Y a sarƙe, ko mai L da A. Ɗan kabu-kabu na da ita, mai shayi na da ita, yaran lakwal ma haka, amma in ka tsaida mutum ka ce ta wace ekip ce da wuya ya gaya maka. To ta 'yan besbol ce na Amurka, wasan nan da ɗaya ke jifa da ƙwallo ɗaya ya maka mata kulki ya ruga da gudu, NY ɗin ta New York Yankees ce, LA ɗin kuma ta Los Angeles Dodgers, kuma su biyun nan suna sahun gaba cikin ekip ɗin da ake jin haushi a can. Dalilin da ya sa na ɗauko zancensu shi ne irin wahalar da 'yan Madrid da 'yan PSG da 'yan City ke sha a fadojinmu na nan Damagaram, mutum ɗaya a taru a kanshi tun daga kofin farko har na uku, shi kuma ba abin da yake maimaitawa sai hassada ce, hassada ce. Mutanen besbol sun fi shekara 100 suna wannan gardamar, akwai abin ɗauka a wajensu.

Abu na farko, ka bar cewa hassada ce kawai. E akwai ta a ciki, amma in ka tsaya a nan an gama da kai, don ƙiyayyar tana da tushe kuma ya kamata ka san shi fiye da masu zaginka. Ba yawan kuɗin ne ke ƙona ma mutane rai ba, inda aka kai kuɗin ne. A ƙarshen 1919 Boston Red Sox suka saida gwanin ɗan wasansu Babe Ruth ga Yankees kan dalar Amurka 100,000, lokacin Boston sun riga sun ɗauki kofin World Series, wato babban kofin besbol na shekara, sau 5, Yankees ko ɗaya ba su da shi. Daga nan reshe ya juye da mujiya, Yankees suka ɗauki na farko a 1923 suka yi ta ɗauka har ya kai 27, su ko Boston daga 1918 ba su sake ganin kofi ba sai 2004, shekara 86 kenan, kaka ya mutu bai gani ba, uba ya tsufa yana jira. Ka gaya mini ta yaya jikan wannan gidan zai so Yankees? Haka abin yake har gobe, ƙaramar ekip ta ɗauki yaro tun ba a san shi ba, ta raine shi, ta haƙura da kurakuranshi, magoya baya su sai rigarshi, ranar da ya nuna kuma kwantiraginshi ya ƙare sai mai kuɗi ya zo ya aje abin da ba za su iya ba ya tafi da shi, badi ya dawo filinsu cikin wata riga ya ci su. Wanda aka yi ma haka ba maganar lissafi yake da kai ba, ciwo yake ji, saboda haka in ɗan Barca ya tado maganar Neymar da yuro miliyan 222 na 2017, sama da miliyar 145 na sefa, kar ka yi mishi dariya, ka ce wallahi da zafi, ka wuce.

Bayan wannan akwai gundura, ita ma ka san da ita. Yankees sun ɗauki kofi sau 5 a jere daga 1949 zuwa 1953, suka sake ɗauka a 1996, 1998, 1999 da 2000. Mutum na kallon wasa ne don bai san yadda za a ƙare ba, in ya sani tun farko me ya rage mishi in ba ya yi fatan babban ya faɗi ba. Mu da muka san kokowa ba sai an yi mana dogon bayani ba, da Issaka Issaka na Dosso ya yi ta ɗaukar takobi ai kowa ya ga yadda mutane da dama suka koma bayan duk wanda zai kama da shi ko ɗan wace jaha ne, kuma nan ba wanda ya sayo wani da miliyoyi. To ina ga an haɗa yawan ci da yawan kuɗi.

Yanzu dabarar kanta. Da an ce kuɗi ne ke ci muku, ka amsa da sauri ka ce e, kuɗi ne, muna da su kuma mun kashe. Wallahi rabin gardamar nan take take mutuwa, don abin da suke jira shi ne ka ce a'a ƙwarewar koci ce ko tarihin kulob ne su yi ta jero maka farashin 'yan wasa har sallar isha'i. Ba abin ɓoyewa ba ne, a Disamban 2023 Dodgers suka ba Shohei Ohtani ɗan Japan kwantiragin shekara 10 kan dalar Amurka miliyan 700, wajen miliyar 400 na sefa, a watan dai suka ƙara da wani ɗan Japan ɗin, Yoshinobu Yamamoto, shekara 12 kan miliyan 325, suka ɗauki kofi a 2024 suka sake a 2025. Ɗan Dodgers da zai ce ba kuɗi ba ne ai ya maida mutane yara. Wani abin da ya ƙara fusata jama'a ma shi ne yadda aka tsara biyan Ohtani, miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, sauran miliyan 680 sai bayan kwantiragin ya ƙare, wato ekip ɗin ta samu sararin ƙara sayo wasu. Doka ta yarda, amma ido bai so ba.

Da ka amsa sai ka juya da maganar zuwa doka, nan ne kake da ƙarfi. A besbol na Amurka ekip 30 ne kuma babu iyakar albashi da aka ce kar a wuce, ba kamar ƙwallon kwando ko ƙwallon Amurka ba da suke da ita. Masu kulob sun so su sa ta a 1994, 'yan wasa suka tafi yajin aiki, shekarar nan ko World Series ba a buga ba. Abin da ake da shi haraji ne, in albashin 'yan wasanka ya wuce wani mataki ka biya tara, masu kuɗi kuma su biya su ci gaba da harkarsu, sannan ana raba wani kaso na kuɗin shiga ga ƙananan ekip. To tambayar da za ka jefa musu ita ce, mai kulob ɗin da aka ba kason ya sa a aljihu bai sayo kowa ba, da wanda ya fiddo nashi ya zuba ma magoya bayanshi su ji daɗi, wa ya fi cutar masu kallo? 'Yan Pittsburgh sun daɗe suna kuka da mai kulob ɗinsu kan rowa, 'yan Oakland kuwa ekip ɗin ce gaba ɗaya aka kwashe musu daga garin bayan kakar 2024. George Steinbrenner da ya sayi Yankees a 1973 kan kusan miliyan 10 ya sha zagi kan zafin rai da yawan korar koci, amma ba wanda ya taɓa ce mishi marowaci. Sai dai kar ka ja wannan da nisa, don akwai amsa, babban gari na kawo kuɗin talabijin da ƙaramin gari ba zai taɓa samu ba, Dodgers a 2013 sun ƙulla yarjejeniyar nuna wasanninsu ta sama da dalar Amurka miliyar 8 na shekara 25, mai kulob a ƙaramin gari ko ya saida rigar jikinshi ba zai kamo wannan ba. In wani mai karatu a fadar ya kawo haka ka ce gaskiyarka, ka miƙa mishi kofi.

Ka riƙe misalan inda kuɗi suka kasa, biyu ko uku sun isa amma ka tabbata ka haddace su daidai. New York Mets a 2023 su ne suka fi kowa albashi, suka ƙare sun ci 75 an ci su 87 cikin wasa 162, ko zagayen ƙarshe ba su shiga ba. Yankees da duk kuɗinsu rabonsu da kofi tun 2009. Daga Yankees na 2000 ba ekip ɗin da ta sake ɗaukar kofi biyu a jere sai Dodgers a 2025, dalili kuwa zagayen ƙarshe gajere ne, wasa kaɗan ne, mai jifa ɗaya in hannunshi ya yi zafi sati biyu sai ya kori masu miliyoyi gida. A namu ƙwallon kuma PSG ta tara Messi da Neymar da Mbappé ba ta ga kofin Turai ba, sai da duk suka tafi ta ci Inter 5 da 0 a 2025. Amma ka yi hattara da misalin Leicester na 2016 ko Oakland na 2002 da ta ci wasa 103 daidai da Yankees da kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinsu, wuƙa ce mai baki biyu, kana cewa kun ga kuɗi ba komai ba ne za a ce maka to me ya sa har yau ake ba da labarinsu in ba don abu ne da ba a saba gani ba.

Ka raba kuɗi da maguɗi, wannan da muhimmanci. Houston Astros ba don albashi aka tsane su ba, an gano cewa a 2017, shekarar da suka ɗauki kofi, suna amfani da kamara suna satar alamun da mai kama ƙwallo ke yi ma mai jifa, sai a buga garwar shara a sanar da mai kulki irin jifar da ke zuwa. Wannan daban ne da sayen ɗan wasa a bainar jama'a. In kai ɗan City ne aka tado maka tuhuma 115 kan karya dokokin kuɗi da aka yi ma kulob ɗin a Fabrairun 2023, kar ka zama lauya, ba ka ga takardun ba su ma ba su gani ba, ka ce in an same mu da laifi a hukunta mu, shi kenan. Mai kare komai da komai shi ake fi jin daɗin tsokana.

Sauran kuma na bakinka ne, kuma a ganina nan ne mafi yawan ƙiyayyar take fitowa, ba daga Abu Dhabi ko Qatar masu City da PSG ba. Mutane sun fi tsanar magoya baya a kan 'yan wasan. Ɗan Yankees ko me aka ce sai ya ce 27, ɗan Madrid ko an ci shi 4 da nema sai ya ɗaga hannu ya ce 15, to ya za a yi a so ka? Ka aje wannan lambar sai ranar da aka matsa maka ƙwarai, sau ɗaya, cikin sanyin murya. Kar ka taɓa cewa ekip ɗin wani ta talakawa ce ko ta matsiyata, kai kana nufin kulob, amma mutumin da ya wuni kan babur cikin ranar nan ya samo jika biyu da ƙyar ba haka kunnenshi zai ji ba, daga nan ne wasa ke zama gaba. Kuma ka duba wa kake ma magana, abin da za ka gaya ma sa'anka ba shi za ka gaya ma yaya ko malam da ya zo ya zauna gefen tabarma ba, shi sai dai ka ce yaya a yi haƙuri, badi taku ce in Allah ya yarda.

Ka san shekarun wahalar ekip ɗinka, don zargin da ya fi ciwo shi ne ɗan bin nasara ne kai, jiya-jiya ka zo. Ɗan Madrid ya san sun yi shekara 32 ba kofin zakarun Turai daga 1966 zuwa 1998, ɗan City ya san a kakar 1998 zuwa 1999 suna rukuni na uku, kafin 'yan Abu Dhabi su saye su a 2008. Dodgers ma daga 1988 sai 2020. In kuwa gaskiya bayan kuɗin ka zo, ka faɗa, ka ce ni lokacin na fara kallo, ba laifi ba ne, ƙaryar cewa tun kana goye kake PSG ita ke jawo dariya.

Ranar da aka fidda ku ka zo fada da wuri. Kar ka kashe waya, kar ka ce ba caji ko ba kuran, kowa ya san wannan. A zagayen ƙarshe na 2004 Yankees na gaban Boston da wasa 3 da 0, saura wasa ɗaya su wuce, Boston suka ci huɗu a jere suka kore su, kuma shekara biyu kafin nan ne shugaban Boston Larry Lucchino ya laƙaba musu sunan daular mugunta, kenan ba 'yan Boston kaɗai suka yi murna ranar ba. Irin wannan ranar hakkinsu ce, sun jira ta, ka zauna ka sha, minti ashirin na farko ne masu zafi, in ba ka tanka ba sai su gaji su koma kan arbit. Ranar da kuka ɗauki kofi kuma kai za ka sayo ganyen shayi da sukari da gawayi, in aljihu ya yarda ka ƙara da tsire ko 'yar gyaɗa, wanda ke tauna namanka ba ya iya zaginka da ƙarfi. Banda caca da abokan zama a kan irin wannan wasan, kuɗi in suka shiga tsakani tsokanar ba ta ƙarewa a wajen.

In kuma kana son ka ga besbol ɗin da idonka kafin ka yi ta kawo misalinshi, World Series a ƙarshen Oktoba ake yi, wani lokaci ya shiga farkon Nuwamba, kuma wasan na farawa wajen ƙarfe 1 na dare agogon Nijar, sai ya kai awa uku, gidajen kallo an rufe, data kuma ba za ta ɗauka ba. Gara ka bari da safe ka nemi taƙaitaccen bidiyon a YouTube, minti goma ya ishe ka ka gane wa ya ci da yadda aka yi.