Yadda za ka tantance mai cewa shi ne magajin Daular Rum

Duk wanda ya taɓa zama wajen rabon gado ya san yadda abin yake, mamaci ɗaya ne amma sai ka ga mutum goma kowa da hujjarsa, wannan ya ce shi ɗa ne, wancan ya ce ƙanwar mamacin yake aure, wani kuma ya ce ai shi ne a cikin gidan shekara ashirin duk damina shi ke yaɓen katanga. To haka gadon Daular Rum ya zama. Jamusawa sun ce su ne, Turkawa sun ce su ne, Rashawa har yau akwai masu kiran Mosko Rum ta Uku, Bulgariyawa da Sabiyawa ma sun taɓa sa hannu, Musolini na Italiya ya zo daga baya ya ce nasa ne. Ni abin yana damuna ne saboda yadda nake ganin matasanmu suna ɗaukar irin wannan magana daga bidiyo ɗaya su haɗiye ta ba tauna, alhali akwai hanyar auna ta, kuma ba sai ka yi digiri a tarihi ba. Ga yadda nake bi.

Kafin komai ka tabbatar mamacin ya mutu, kuma ka san yaushe. Ba a rabon gadon mai rai. A makaranta ana cewa Rum ta faɗi a 476, shekarar da wani jagoran soja Odowasa ya tuɓe yaron sarki Romulus Agustulus a Italiya. Gaskiya ne amma rabin gaskiya ce. Tun 330 sarki Kwanstantin ya buɗe sabon babban birni a gabas, Kustantiniyya, wato Santambul ɗin yau, kuma daga 395 daular tana tafiya da sarki biyu ne, ɗaya yamma ɗaya gabas. Na yamman ne ya faɗi. Odowasa ma da kansa tattara kayan sarautar ya yi ya aika wa sarki Zeno a Kustantiniyya, kamar dai ya ce ga kayanku sarki ɗaya ya isa. Na gabas ya ci gaba da mulki har 29 ga Mayu 1453. Kusan shekara dubu kenan fa a tsakani.

A nan mu Musulmi muna da sauƙin gane abin fiye da ɗalibin Turai ma. Suratur Rum da muke karantawa, su wa take nufi? Mutanen Hirƙal ne, waɗanda Farisa ta ci da yaƙi sannan suka dawo suka yi galaba, shi ne kuma sarkin da Manzon Allah (SAW) ya aika wa wasiƙa ta hannun Dihyatul Kalbi. Fadar Hirƙal a Kustantiniyya take, mutanensa Girkanci suke yi, amma sunan da suke kiran kansu Rumawa, Larabawa ma Rum suke ce musu. Sunan nan Bizantiya da ake liƙa musu a littattafai wani malamin Jamus ne Hironimus Wolf ya yaɗa shi a 1557, bayan daular ta riga ta tafi. Don haka duk wanda ya taso kafin 1453 ya ce shi ne magaji, ka fara sa masa alamar tambaya, domin mai gidan yana nan da ransa a lokacin.

Daga nan sai ka ce masa to me ka gada? Kar ka yarda ya ce maka "komai". Sa shi ya faɗa, ƙasa ce, ko jini, ko addini, ko suna kawai. Da zarar ka raba su haka za ka ga kowa abu ɗaya ko biyu ne a hannunsa.

Ɗauki Turkawa. Daular Usmaniyya nake nufi ta Turkiyya fa, ba tamu ta Sakkwato ba, don na san sunan yana rikita mutane. Sultan Muhammadul Fatih da ya ci Kustantiniyya yana ɗan shekara 21 ya ƙara wa kansa laƙabin Ƙaisar na Rum, wato sarkin Rumawa, hujjarsa kuma a fili take, birnin a hannunsa yake, ƙasar a hannunsa take, talakawan da suke kiran kansu Rumawa yanzu shi suke biya wa haraji. Bai tsaya nan ba, a 1454 ya naɗa Jenadiyus shugaban cocin Otodoks, aikin da a da sarkin Rum ne yake yinsa. In ƙasa da kujera ake dubawa to babu wanda ya kai shi. Tun kafin su ma Saljuƙawa da suka shiga Anatoliya bayan yaƙin Manzikat na 1071 sun kira masarautarsu ta Rum don kawai ƙasar Rumawa suka zauna, daga nan ne Jalaluddin Rumi na birnin Konya ya samo sunansa. Su wannan suna ne na wuri, ba su ce sun gaji kowa ba, kar ka haɗa su da masu da'awa.

Rasha kuma ta ɓangaren aure da addini ta biyo. A 1472 Iban na Uku na Mosko ya auri Sofiya, ɗiyar ɗan'uwan sarkin Rum na ƙarshe Kwanstantin na 11, kuma a hatiminsa na 1497 an ga mikiya mai kai biyu irin ta gidan su matar. Sai wani malamin coci a Piskof mai suna Filofe ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa Rum biyu sun faɗi, ta uku tana tsaye, ta huɗu kuma ba za a yi ba. Jikan Iban, wato Iban na Huɗu, aka naɗa shi Tsar a 1547, kalmar kuma daga Kaisar ta fito, kamar yadda Kaiza na Jamus ma daga can ne. To amma in jini ne ai Sofiya tana da ɗan'uwa namiji, Andiriyas, kuma shi wannan talauci ya sa ya sayar wa Sarkin Faransa Shal na Takwas haƙƙinsa na sarautar a 1494, da zai mutu a 1502 kuma ya bar wasiyyar laƙabin ga Fadinan da Isabela na Sifen. Ka ga in ka bi jini kaɗai sai ka tsinci kanka a Faris ko Sifen, ba Mosko ba. Kuma dama sarautar Rum ba ta taɓa zama ta gado tsantsa ba, sojoji da yawa sun hau kujerar da ƙarfin takobi.

Wannan gwajin yana aiki ko a nan kusa da mu. Ghana ta ɗauki sunanta a 1957 daga tsohuwar Daular Ghana, amma buɗe taswira ka gani, waccan daular tana can kudancin Muritaniya da yammacin Mali ne, nesa da Akra da Kumasi. Suna aka ɗauka don a yar da sunan da Turawan mulkin mallaka suka sa, kuma ni ban ga laifin hakan ba tunda ba ƙasar kowa suka ce a ba su ba. Mali da ta ɗauki nata a 1960 ita kam ƙasar tata ta hau kan wani babban yanki na tsohuwar daular.

Yanzu wajen da na fi so, kuma nan ne ake kama mutane da yawa, ka ce a fito da takarda ko kayan gadon ka duba da idonka. Abin da za ka nema abu ɗaya ne, shin shekarun sun haɗu?

Akwai wata hula a ma'ajiyar kayan tarihi ta fadar Kiremlin da ake kira hular Monomak. Faranti takwas ne na zinare aka haɗa, an yi musu ado da zaren zinare siriri, ga duwatsu masu daraja, ƙasanta an zagaye da gashin dabba mai laushi, a samanta kuma gicciye. Da ita aka riƙa naɗa sarakunan Mosko, labarin da aka baza kuma shi ne wai sarkin Rum Kwanstantin Monomak ne ya aiko wa jikansa Baladimir Monomak na Kiyef da ita. To lissafa da kanka, Kwanstantin ya mutu a 1055, Baladimir an haife shi a 1053. Yaro ɗan shekara biyu wanda bai ma san zai yi sarauta ba, shi za a aiko wa kambi? Masu binciken aikin hannu kuma mafi yawansu suna ganin ƙirar hular ta gabas ce, ta wajen ƙarni na 14, zamanin da Mongol suke juya Rasha. Subtraction ɗin firamare kawai, ragi, ya isa ya rusa labarin.

Haka wata takarda da fadar Paparoma ta daɗe tana kafa hujja da ita, wai Kwanstantin na farko, wanda ya buɗe Kustantiniyya, shi ne ya rubuta ya miƙa wa Paparoma birnin Rum da duk yammacin daular. Shekaru ɗaruruwa ana yarda da ita, sai a 1440 wani malamin harshe Lorenzo Bala ya zauna ya bi ta kalma kalma, ya nuna Latin ɗin cikinta ba na zamanin Kwanstantin ba ne, akwai kalmomin da ba a amfani da su haka a lokacin, har tana maganar Kustantiniyya a matsayin babbar kujerar coci tun kafin a gina birnin. Kamar a kawo maka takardar gona a ce ta zamanin Sarki Alu ce amma ka ga an rubuta kuɗin da naira. Wannan dabarar ta Bala kowa zai iya aronta.

Sai shaidu. Kar ka tambayi fadawan mutum, su dole su ce ranka ya daɗe kai ne. Duba abin da abokan hamayyarsa suke kiransa a wasiƙa, nan ne gaskiya take fitowa. Lokacin da Paparoma Liyo na Uku ya ɗora wa Shalaman, wani babban sarki na yammacin Turai, kambin sarautar Rum ranar Kirsimeti ta shekarar 800, Kustantiniyya ba ta amince ba, sai a 812 suka yarda su kira shi sarki amma suka ƙi ƙara "na Rumawa". A 968 jakadun Paparoma suka kai wasiƙa suna kiran sarki Nikiforos na Kustantiniyya "sarkin Girkawa", aka kama su aka kulle saboda wannan kalma ɗaya. Sultan Sulaiman na Turkiyya shi ma Sarkin Sifen kawai yake kiran Shal na Biyar, duk da shi Shal yana riƙe da sarautar da Jamusawa suke kira Daular Rum Mai Tsarki, wadda ta faro da Oto na Ɗaya a 962 ta ƙare a 1806. Sai a yarjejeniyar 1606 Turkawa suka yarda su ɗauki sarkin Habsbog, gidan da ke riƙe da wannan sarauta ta Jamusawa, a matsayin tsara. Su kuma Turawan yamma ba su karɓi laƙabin Ƙaisar na Fatih ba. Kowa yana hana kowa.

Tambayar da nake ajiyewa ƙarshe ita ce wadda na fi ba muhimmanci, me mutumin yake buƙata a daidai lokacin da ya tuna cewa shi magaji ne? Paparoma Liyo a 799 an kai masa hari a titin birnin Rum har ya gudu wajen Shalaman neman mafaka, yana buƙatar mai takobi a bayansa, ga shi kuma mace ce Airin take mulki a Kustantiniyya sai aka ce ai kujerar babu kowa a kai. Istifan Dushan na Sabiya ya naɗa kansa sarkin Sabiyawa da Rumawa a 1346 daidai lokacin da yake cinye garuruwan Rumawan suna tsakiyar yaƙin basasa. Shi kansa Filofe in ka duba wa'azi yake yi, yana ja wa masu mulki kunne su riƙe addini tunda su kaɗai suka rage, sai a ƙarni na 19 aka tono maganar aka mai da ita taken siyasa. Shi ya sa in ka ji ana cewa Rum ta Uku ka tambaya wa yake faɗa, kuma ƙasar wa yake kallo.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Musolini, saboda a nahiyarmu aka biya kuɗinsa. Shi birnin Rum ɗin ma a hannunsa yake, ya ɗauko tsohuwar alamar Rumawa ta damin sanduna da gatari ya mai da ita tambarin jam'iyyarsa, ya rushe unguwannin talakawa ya fasa ƙaton titi ta tsakiyar kufan tsohon birnin a 1932 don sojoji su yi fareti. A 1935 ya afka wa Habasha, jiragensa suka zuba iskar guba a kan sojoji da ƙauyuka, ranar 5 ga Mayu 1936 sojojinsa suka shiga Adis Ababa, ranar 9 ga wata ya fito baranda ya shelanta cewa daula ta dawo kan tuddan Rum. Da yake sarakunan Rum na da suna kwaso dogayen ginshiƙan dutse daga Masar su kafa a birninsu, shi ma sai ya sa aka ɗauko na Aksum a 1937, dutse mai tsawon wajen mita 24 wanda Habashawa suka sassaƙa da hannunsu tun zamanin da Rum ɗin take raye, aka kafa shi a birnin Rum gaban ma'aikatar mulkin mallaka. Habasha ta yi ta bin kayanta shekara da shekaru, sai a 2005 aka dawo da shi a jirgin sama gunduwa uku, aka sake tsayar da shi a Aksum a 2008.