Yadda ake yin halla, burodin kitso na kakannin Yahudawa

A gidajen Yahudawan da asalinsu ya fito daga Polan, Lituwaniya da Yukren, Juma'a ranar kwaɓi ce. Kaka kan tashi da sassafe ta haɗa ƙullun halla, domin dole a gama gashi kafin faɗuwar rana, lokacin da hutun Asabar yake kamawa kuma a daina kunna wuta. Burodi biyu ake ɗorawa a teburi a rufe da ƙyalle, don tunawa da mannu, abincin da aka saukar wa Bani Isra'ila a sahara, wanda a Attaura aka ce ranar Juma'a rabon kwana biyu suke tarawa. Yawancin tsofaffin nan da hannu da ido suke awo, jikokinsu ne suka mayar da shi giram da cokali.

Uwargida, ki tanadi fulawa giram 500, yis cokalin shayi 2, sukari babban cokali 4, gishiri cokalin shayi ɗaya da rabi, man gyaɗa babban cokali 4, ƙwai 3 (biyu na kwaɓi, ɗaya na shafawa), ruwan ɗumi mililita 180, da riɗi kaɗan. Babu madara, babu bota. Dokar abincin Yahudawa ta hana haɗa nama da nono, halla kuwa da miyar kaza ko nama ake cinsa a daren Juma'a, shi ya sa mai da ƙwai ne ke ba shi taushi.

Ki fara zuba yis da cokali ɗaya na sukarin cikin ruwan ɗumin, ki bar shi minti 10. Idan bai yi kumfa ba ya mutu, ki sayo wani, kada ki yi asarar fulawarki. In ya yi, ki fasa ƙwai biyu a ciki, ki zuba mai da ragowar sukari, sannan ki juye a kan fulawar da kika gauraya da gishiri.

Murza shi ne aikin gaske. Minti 10 cur, kina dannawa da tafin hannu, kina naɗowa, kina juyawa. Da farko zai riƙa manne miki a yatsu, zuciya ta ce ƙara fulawa. Kada ki biye mata, a nan ne mutane da yawa suke ɓata nasu ya fito da tauri. Ki shafa mai a hannu ki ci gaba. Ya yi daidai idan ya yi santsi, kika danna shi da yatsa ramin ya taso a hankali. Ki sa a roba mai mai, ki rufe da leda har ya ninka, wajen awa ɗaya da rabi. A zafin bazara ba zai kai haka ba, a hunturu zai wuce, don haka kwaɓin za ki duba, ki ƙyale agogo.

A wannan gaɓar, idan kwaɓin mai yawa ne, na fulawar da ta haura kilo ɗaya, matar Bayahudiya takan gutsuri ɗan ƙanƙani ta ƙone shi, tunawa da kason da ake bai wa malaman Haikalin Kudus a da. Ibadarsu ce, ba ta shafi ɗanɗano ba.

Sai kitso. Ki raba kwaɓin biyu, kowane ki sake raba shi uku, ki mulmula kowane yanki ya zama igiya mai tsawon santimita 30, tsakiya ta fi baki kauri. Ki matse kawunansu wuri guda, ki ɗauko na dama ki haye na tsakiya, na hagu ma haka, kamar dai kalaba. Amma a sake, kada ki ja, domin zai ƙara kumbura, idan kin tamke zai yage a wuta. Ki cusa jelar a ƙarƙashi. Gwanaye da igiya shida suke yi, ya fi tudu da kyan gani, amma a ganina sai hannu ya saba da uku tukuna. A sabuwar shekararsu, wajen Satumba ko farkon Oktoba, zagaye ake naɗa shi, galibi da zabibi, a ci da zuma.

Ki jera a tire, ki rufe minti 45. Ki kaɗa ƙwan da ya rage da ɗan ruwa, ki shafa har cikin lungunan kitson, ki barbaɗa riɗi. A gasa a obin mai zafin digiri 180 na minti 25 zuwa 30. Idan saman ya yi ja tun da wuri, ki lulluɓa masa takardar gashi. Ki ƙwanƙwasa gindinsa, idan kika ji ƙarar abu marar komai a ciki ya gasu.

Ki bar shi ya huce na rabin awa kafin a taɓa. A teburin Asabar, mai gida kan yi addu'a, ya yanka ko ya yaga da hannu, ya dangwala a gishiri ya miƙa wa kowa. Wanda ya kwana biyu ya fara bushewa, ki yayyanka ki tsoma a ƙwai ki soya don karin kumallo.