Yadda ake sarrafa rauta daga nesa ba tare da ka kulle kanka a waje ba

Rauta ita ce na'urar da ke haɗa kwamfutoci da intanet. Ni da rautocin kamfanin Cisco na fi aiki, don haka umarninsu zan kawo.

Saitin farko sai kana gaban na'urar. Ka jona wayar konsol (kebul ɗin da ke haɗa rauta da kwamfuta kai tsaye) da kwamfutarka, ka buɗe PuTTY, manhajar da ake rubuta wa rautar umarni a cikinta, ka zaɓi Serial, gudun ya zama 9600. Ka rubuta enable, sai configure terminal. Ka raɗa mata suna da hostname, ka ba ta ip domain-name, domin in babu su biyun ba za ta yarda ta haɗa makulli ba. Sai crypto key generate rsa, in ta tambayi tsawo ka ba ta 2048. Daga nan ip ssh version 2, ka buɗe wa kanka asusu da username da secret, ka shiga line vty 0 4 ka rubuta login local da transport input ssh.

Layin ƙarshen nan shi ke toshe Telnet, tsohuwar hanyar shiga na'ura daga nesa, ya bar SSH, wadda ke ɓoye abin da kake aikawa, kuma don Allah ka toshe Telnet ɗin. Telnet a fili take aika kalmar sirrinka, duk wanda ya kasa kunne a kan layin zai karanta. Irin wannan satar ce aka yi a jami'arsu Tatu Ylönen a Finland, shi ya sa ya ƙirƙiro SSH a 1995. SSH ta ƙofa ta 22 take bi, Telnet ta 23.

Yanzu daga teburinka sai ka rubuta ssh admin@192.168.1.1, ko dai wane adireshi ka ba ta. Karon farko za ta nuna maka shaidar makullinta, ka amsa da yes. In wata rana ta yi kashedin makullin ya canza, alhali ba ka sauya na'ura ba, ka dakata ka bincika.

To, ga inda aikin yake. Kana Kaduna, rautar tana Zariya, ka taɓa adireshi ko dokar tace masu shiga, sai tagar ta sandare. Rautar lafiyarta ƙalau, kai ne ta kora, kuma ba abin da zai buɗe ta sai ka hau mota. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ka adana saitin da ke aiki da write memory, sannan ka rubuta reload in 10 ka tabbatar. Ma'anarsa bayan minti 10 za ta kashe kanta ta tashi da tsohon saiti. Ka yi gyaranka, amma kada ka adana tukuna. Buɗe taga ta biyu ka gwada shiga, ta farkon kuma ka bar ta a buɗe. In ka shiga, sai reload cancel, sannan write memory. In ta ƙi, ka sha shayinka, za ta dawo da kanta. Sai dai masu amfani da intanet za su yanke na 'yan mintuna, shi ya sa nake barin irin wannan gyara sai an tashi daga ofis.

Masu rautocin MikroTik nasu ya fi sauƙi: Ctrl+X a tagar umarni yana kunna Safe Mode, in layin ya katse sai ta warware duk abin da ka canza.