Darasi na 6: Karanta jikin taya kafin ka saya ma tsohon moto

Wannan darasin na masu tsohon moto ne, da duk wanda ake aikawa kasuwa sayen taya. A nan Damagaram har yau zaka ga tsofaffin injina suna ta aiki, Honda CG 125 da ta fara fitowa tun tsakiyar shekarun 1970, Yamaha Mate, ƙananan Honda irin su C70 da C90 waɗanda asalinsu Super Cub ce ta 1958, Peugeot 103 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1971, da Yamaha DT mai dogayen ƙafafu da ake shiga daji da ita. Irin waɗannan in ana kula da su basa mutuwa da wuri, amma taya kam dole ta ƙare, gashi ɗan littafin da moton ya zo da shi ya ɓace tun zamanin mai shi na farko, shi yasa sai mutum ya shiga Kasuwar Dole yace a bashi tayar baya kawai, duk wadda aka miƙo mai ya karɓa. To bana so ɗan ajin nan ya ƙara yin haka. Duk abinda kake son sani a rubuce yake a gefen tayar, lambobi ne da ƴan haruffa, kuma tunda mun wuce ƙidaya mun wuce baƙaƙe babu wanda abin zai gagara.

Lambar girma

Ka samu tsumma mai ɗan ruwa ka goge gefen tayar, zaka ga wani rubutu mai kauri kamar haka: 2.75-18. Lamba ta farko faɗin tayar ce da inci, inci ɗaya kuwa santimita biyu da rabi ne da ɗan ɗori, kenan 2.75 ya kama wajen santimita 7. Lamba ta biyu, 18, girman rim ne, wato ƙarfen da tayar ke zama a kai, shi ma da inci.

Wannan ta biyun fa babu ciniki a cikinta. Taya mai 17 bata hawa rim mai 18, in aka tilasta mata da ƙarfe wayar da ke bakinta ce zata tsinke, ita kuma mai 18 in ka sa ta a rim mai 17 bakinta baya kamawa, kamar murfin da ya fi bakin kwano girma, kana tafiya zata zame. Ko mai shago ya rantse maka yace ai bambancin ɗaya ne tal, kace masa Alhaji ka yi haƙuri ba ita bace.

Mate da C70 ƙafafunsu 17 ne, galibi 2.25-17 a gaba 2.50-17 a baya. Peugeot 103 mafi yawa 17 ce ita ma amma rubutun nata sai kaga 2¼-17, kar ya ruɗe ka, biyu da kwata shine dai 2.25. DT gabanta 21 bayanta 18. CG kuwa gaba 18 ne, 2.50 ko 2.75, baya ma yawanci 18, amma akwai CG ɗin da ake haɗawa a Pakistan wadda bayanta 3.00-17 ne, sunan moto ɗaya ƙafa daban, kaga kenan faɗin sunan moto a shago bai isa ba sai ka duƙa ka karanta. Kuma tayar da ka tarar a jikin moton ma ba lallai ita ce ta asali ba, moton da ya shekara talatin ya ratsa hannaye da yawa. Don haka ka duba rim ɗin kansa, akan buga masa lamba irin 1.40x17 ko 1.60x18, ta farkon faɗinsa ce, sannan ka leƙa murfin sarƙa ko ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya ko ƴar takardar kamfani na nan manne bata goge ba, a nan suke rubuta girman taya da yawan iska.

Tayoyin yanzu da yawa da wani salon rubutu suke zuwa, misali 90/90-18. Nan 90 na farko faɗi ne da milimita, 90 na biyu tsayin gefen tayar ne, kashi 90 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 81, sai 18 ɗinmu na rim. In baka samu mai tsohon rubutu ba, 80/90 tana kusa da 2.75, 90/90 tana kusa da 3.00, 100/90 kuma tana tsakanin 3.25 da 3.50. Kusa nace, ba daidai cif ba, sai an ɗora an juya ƙafar an ga bata taɓa komai.

Maganar taya mai faɗi

Nan ne nake so mu ɗan daɗe don shine abinda ya fi yawa a wajen samari. Yaro ya gaji CG ɗin babansa sai yace shi ƙatuwar taya yake so a baya don moton ya cika ido, wai kuma ta fi kama ƙasa. Ba haka abin yake ba. Rim ɗin tsohon moto siriri ne, in ka cusa masa taya mai faɗi sosai sai ya matse bakinta, bayanta ya tashi yayi tsini, wurin da ke taɓa ƙasa bai ƙaru ba, tsakiyar ce kawai zata riƙa ci ta suɗe da wuri, in ka zo shan kwana kuma moton ya riƙa faɗawa gefe ba zato. Bayan haka ga nauyi, injin 125 ƙarami ne, zai riƙa nishi yana shan mai fiye da da. Sannan wurin da kamfani ya bari tsakanin taya da sarƙa da madigadi kaɗan ne, moto na tsaye zaka ga kamar akwai sarari, amma ka ɗauki mutum da buhu ka faɗa rami ɗaya a hanyar Magariya sai kaji tana gurzar ƙarfe, wannan gurzar kuwa ita ke yanka gefen taya. In a gaba ka ƙara girma, agogon gudu ma zai fara nuna ƙasa da gudun da kake yi tunda daga ƙafar gaba yake karanta juyi. Ni shawarata ka tsaya kan girman da kamfani ya sa, in ta ɓace a kasuwa ka matsa taki ɗaya kawai, daga 2.75 zuwa 3.00 misali, kuma a gwada da kaya a kai.

Nauyi da gudu

Bayan lambar girma akwai wata ƴar lamba da harafi, kamar 42P ko 47P. Lambar ba kilo bace kai tsaye, alama ce: 42 na nufin tayar na ɗaukar kilo 150, 47 kilo 175, 52 kilo 200. Harafin na gudu ne, L kilomita 120 a awa, P 150, wannan bai dame mu sosai ba don tsohon moto baya kai can. Nauyin ne abin lura. CG ita kaɗai ta haura kilo 100, ga kai, ga wanda ka goya, ga jarkar ruwa biyu masu lita 25, kuma mafi yawan wannan nauyin a ƙafar baya yake sauka. Mai kabu-kabu da mai ɗaukar kaya ranar kasuwar Miriya su nemi mai lamba babba a baya, ko wadda aka rubuta 6PR maimakon 4PR, jikinta ya fi ƙarfi.

Shekarun taya

Taya tana tsufa ko ba a taɓa ɗora ta ba. Roba ce, zafi da rana suna busar da ita, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, shagon kwano kuma ya fi waje zafi. Ka nemi inda aka rubuta DOT, a ƙarshen layin akwai lambobi huɗu, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2321 yana nufin sati na 23 a shekarar 2021. In kaga lambobi uku ne kawai to tun kafin 2000 aka yi ta, ajiye ta ko zanenta bai taɓu ba. Wannan yana faruwa da masu tsohon moto don girman da suke nema ba kullum ake sayensa ba, sai ya daɗe a ƙuryar shago. Kamfanin Michelin yace taya in ta shekara biyar ana aiki da ita a riƙa duba ta duk shekara, in ta kai goma a canza ta ko yaya take a ido. Wasu tayoyin masu araha basu da wannan rubutun gaba ɗaya, to sai ka danna farce, in ta yi tauri kamar itace ko ka lanƙwasa gefen kaga ƙananan tsaga, kar ragin jika ɗaya ya ja ka.

Tub, zane da iska

Rim mai wayoyi dole sai da tub, don iska na fita ta ramukan wayoyin. Taya mai rubutun TUBE TYPE ita ce tasa, mai TUBELESS ma ana iya ɗorawa amma da tub a ciki. Ranar da ka sa sabuwar taya ka sa sabon tub mai girma ɗaya da ita, wanda ya sha faci biyar ya riga ya saki. Kace ma mai faci ya duba robar da ke rufe kan wayoyin rim, in ta yage a canza, ya kankare tsatsa, mutane da yawa suna ɗora laifi kan ƙayar aduwa alhali kan waya ne ke huda tub ɗin daga ciki. In akwai kibiya a gefen taya ta nuna inda ƙafa ke juyawa, in an rubuta FRONT ta gaba ce, REAR ta baya.

Zane kuma hanyarka ce zata zaɓa maka. Mai yawo tsakanin Birni da Zango da Sabon Gari a kan kwalta ya ɗauki mai zane lafiyayye, mai shiga ƙauyukan wajen Tanut ko Gure cikin rairayi mai manyan haƙora ta fi mai, sai dai a kwalta tana saurin cinyewa kuma in ruwan damina ya sauka bata riƙewa sosai.

Iska da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi, da geji, ba da matsa yatsa ba. Da ma'aunin iska da ake kira bar, wanda geji ke nunawa, ƙananan motoci irin namu suna zama tsakanin bar 1.75 a gaba da 2 zuwa 2.25 a baya in akwai goyo, in takardar kamfani na nan ita zaka bi. Masu rage iska don ratsa rairayi kar su rage da yawa, taya na iya zamewa a kan rim ta fizge bawul, kuma da an hau kwalta a mayar da iskar. Sabuwar taya tana da santsi, kilomita ɗari na farko a bi a hankali wajen kwana da birki.

Aikin gida

Kowa ya nemi moto ɗaya a gida ko a unguwa, ya kwafe rubutun tayar gaba da ta baya a littafinsa, girma, lambar nauyi, da lambobi huɗun shekara in akwai. Sannan a amsa waɗannan: taya mai 3.00-18 47P kilo nawa take ɗauka? Wadda aka rubuta 0819 a wane sati da wace shekara aka yi ta, kuma shekarunta nawa bana? Mai rim 17 ya samu 2.75-18 da araha, me zaka ce masa? Wanda tayarsa ta goge har rubutun baya karantuwa ya turo moton aji mako mai zuwa mu duba rim ɗin tare.